Rasuwar Dakta Aleida Terhorst da Batun Kwalabe Talatin da Huɗu

Cikin alhini da matuƙar kaɗuwa, Ƙungiyar Masu Matse Ruwan Tuffa ta Bakin Kogin Linge ta karɓi labarin rasuwar tsohuwar Shugabar Sashen Bincikenta, Mai Daraja Dakta Aleida Terhorst, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis, 6 ga Maris, tana da shekara saba'in da ɗaya. Ni, Sybren Vermaat, mai digiri na biyu a kimiyyar sarrafa abinci da sakamako mafi daraja, kuma Kakakin Ƙungiyar, an ɗora mini nauyin miƙa ta'aziyya ga ɗanta, Mai Girma Gerben Terhorst, da sauran iyalai, tare da gabatar da wata buƙata da ba ta jiran lokaci.

Marigayiyar ce ta raba wannan Ƙungiya da tafasa ruwan tuffa, ta kawo na'urar da ke danne kwalba a cikin ruwan sanyi na minti uku, da matsin da ya ninka na ƙarƙashin teku mafi zurfi har sau shida, ta yadda ƙwayoyin cuta za su mutu, ɗanɗano kuwa ya tsira. Sai dai wata tambaya ta hana ta sakat tsawon shekara ashirin: me ya sa ruwan tuffa mai zaƙi yake rabuwa biyu bayan kwana arba'in, garau a sama, kauri a ƙasa, alhali na tsohon iri mai tsami yana riƙe launinsa da kaurinsa? Ranar da na fara aiki na zayyana mata nazariyata, sai ta ce, "Kai ɗan boko, ajiye takardar nan, ɗaga kwalbar a hasken taga ka faɗa mini abin da idonka ya gani."

Bayan ritayarta ta ci gaba da binciken a rumfar bayan gidanta, inda ta adana kwalabe arba'in a firiji tun 2 ga Disamba, da niyyar buɗe su a rana ta ɗari da ashirin, wato 1 ga Afrilu. Ba ta manna musu takarda ba, domin raɓar firiji na goge rubutu. Zaren ulu mai launi daban-daban take ɗaura wa wuyan kowace, fassarar launukan kuma tana cikin wani ƙaramin littafinta.

A zaman shan kofi da ya biyo bayan jana'izar ranar Talata, iyalai, cikin kyakkyawar niyya, sun fito da shida daga cikin kwalaben, Mai Girma Gerben yana cewa, "Na Mama ne na ƙarshe, ku sha, kada ku bar ko ɗigo." Ƙungiya ba ta ga laifin kowa ba. Ni kaina sai da na shanye kofi guda na ruwan tuffan kafin na lura da jan zare a wuyan kwalbar. Na ɗaga ta a hasken taga, kuma ina shaida cewa a kwana na casa'in da tara ruwan bai rabu ba ko kaɗan. Wane irin tuffa ne, littafin kaɗai ya sani.

Muna roƙon Allah Ya ba iyalai haƙurin jure wannan babban rashi, Ya sanyaya zukatansu.

Kasancewar mun samu labarin za a yanke wutar rumfar ranar 21 ga Maris domin mayar da gidan ga masu shi, Ƙungiya na neman iznin ɗauko sauran kwalabe talatin da huɗu a motarmu mai sanyi, da zarensu a wuya, haɗe da littafin. Muna buƙatar amsa a rubuce kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Talata, 18 ga Maris. Shekara ashirin marigayiyar ta yi tana jiran amsar tambayarta. Kwana ashirin da shida kacal suka rage mata ranar da ta rasu.

Sybren Vermaat,
Kakakin Ƙungiyar Masu Matse Ruwan Tuffa ta Bakin Kogin Linge.