Gasar da Ta Bi Motar Kasuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya raba arziki tsakanin bayinsa, ya sanya wa kowane gari ranar cikarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Sallama gare ka, mai karatu. Waɗannan wasiƙu ne da suka gudana tsakanin wa da ƙane: Malam Haris, mai karantarwa a Tanut, da Mato, dillalin dabbobi a Rijiyar Dado ta ƙasar Belbeji. Husaini ɗan Mato shi ke auren Zuhaira ɗiyar Malam.

Rijiyar Dado, 4 ga Jimada Ula

Zuwa ga Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Umma da ɗalibai. Mu nan lafiya lau, hatsi ya shiga rumbu. Na san ba ka sauraron saƙon murya a waya, ka ce magana mai nauyi takarda take so, shi ya sa na ba Idris direban motar kasuwa wannan.

Yaya, albishirinka. Shekara tara ina riƙe da ƙungiyar ƙwallon garin nan, shekara tara kana ce mini mai furfura ba ya bin samari da usur a baki. To yau abin ya zama sana'a. Manyan ƙwallo na Tanut da na Belbeji sun ce a haɗe gasarmu da tasu wuri guda. Mu ƙungiya shida ne, har mun gaji da ganin fuskar juna, su kuma takwas. Wani attajirin Damagaram mai sayar da shayi da sukari ya ce in an haɗe zai sa sunansa a rigunanmu, ya zuba kuɗi. Kowane ɗan wasa zai riƙa ɗaukar albashi ƙarshen wata, kamar mushen lakwal, wato malamin boko.

Ga abin da na ɓoye maka don kada hankalinka ya tashi. Tun kafin girbi Husaini ya ɗaure jaka, zai tafi haƙar zinariya arewa. Ga Zuhaira da ciki wata biyar. Na yi faɗa, na yi lallashi, ya ce mini, "Baba, da tafin ƴan kallo zan yanka ragon suna?" Da ya ji zancen albashi sai ya ajiye jakar a bayan ƙofa. Bai kwance ta ba, amma dai ya ajiye. Kuma ba don ɗana ne ba, kaf ƙasar nan ta Damargu babu mai tsaron gida irinsa.

Roƙona ɗaya. Komiti zai zauna a Tanut, ka je ka buɗe musu taro da addu'a. Mutanen Tanut suna jin kunyarka, in kana zaune ba za su cinye mu ɗanye ba.

Ƙanenka,
Mato

Tanut, 12 ga Jimada Ula

Zuwa ga ƙanena Mato,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar alheri gare ka da iyalinka, takardarka ta iske ni da hantsin Alhamis.

Ka yi kuskure da ka ɓoye mini zancen Husaini, amma na yafe maka, domin na san tausayi ne ya sa. Ka tuna Attahir, ɗalibina da ya kusa sauke karatunsa a hannuna. Ramukan nan na arewa ya tafi, ƙasa ta rufta da shi, ko gawarsa ba mu samu mun yi wa sutura ba. Ni na kai wa mahaifiyarsa labari. Ba na fatan in sake irin wannan tafiya, balle zuwa ɗakin ɗiyata.

Saboda haka na halarci taron, ni da ban taɓa sanin yawan mutanen da ke cikin fili ba. Na gindaya sharuɗɗa biyu: kada a busa usur sai an sallame La'asar, kuma kada a yi caca a kan wasa. Duka sun karɓa da ladabi.

Sai dai na yi tambaya guda wadda ban gamsu da amsarta ba. Na ce, ladan ma'aikaci wajibi ne ya zama sananne, kuma mai alkawari ya san inda zai fitar da shi. Gasarku ba ta ciyar da kowa, tasu ma haka. In an haɗe su, daga ina abincin zai fito? Sakataren komiti, Ɗan Azumi, mutum ne natsattse wanda ya yi karatu a Yamai. Ya ce sababbin abokan karawa za su jawo ƴan kallo, ƴan kallo su jawo attajiri. Ya ɗaga wata takarda da Faransanci, ya ce jadawalin wasanni ne. Kowa ya gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa, muka shafa fatiha.

Ka gaya wa Husaini ina sa shi a addu'a. Allah ya sa alheri a abin da kuka sa gaba.

Wanka,
Haris

Rijiyar Dado, 9 ga Jimada Akhir

Yaya Malam,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Wasa huɗu muka yi, kowanne ya fi na baya muni. Takardar Ɗan Azumi ta ce kowa ya yi wasa ranar Lahadi, kamar yadda ake gani a talabijin. Ranar farko muka tsaya bakin hanya tun safe, ko jaki bai wuce ba. Dole muka ɗauki shatar mota zuwa wajen Ollelewa, na sayar da tunkiyata na biya. Muka isa, muka tarar da mutum sha ɗaya a fili. Na ƙirga su, Yaya, har da mai sayar da rake, shi ma barci yake. Husaini ya tare fenariti ranar, irin tarewar da za a shekara ana labarinta. Da ya tashi ya kakkaɓe ƙasa ya duba hagu da dama, ba wanda ya gani sai mu.

Da suka zo garinmu ma haka. Makiyaya suna bakin rijiya suna shayarwa, ƴan ƙauye suna gidajensu. Attajirin ya aiko yaronsa ya duba, ya koma ya ce fili ba kowa. Yanzu in an kira shi sai a ce yana wanka. Wata ya ƙare, ba albashi. Mutanenmu suna cewa Tanut ta cuce mu, na Tanut suna cewa mu ne muka zo musu da tsiya.

Husaini ya sami wuri a wata mota da za ta tashi arewa ranar Juma'a ta farko a Rajab. Jiya na ga Zuhaira ta wanke masa bargo ta shanya. Da na shiga ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ni ne na kasa haɗa ido da ita. Ni na ce masa ya dakata, ni na yi masa alkawarin abin da ba ya hannuna.

Ka rubuto masa ka hana shi. Maganarka ba zai tsallake ba.

Mato

Tanut, 18 ga Jimada Akhir

Zuwa ga ƙanena Mato,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka. Allah ya sanyaya zuciyarka.

Takardarka ta iso da hantsin Alhamis, kamar ta farko, kamar kowace takarda da ka taɓa aiko mini. Ina riƙe da ita sai na tambayi Idris dalilin da ya sa bai taɓa kawo mini saƙo wata rana dabam ba. Ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, wa zai je Rijiyar Dado in ba Laraba ba? Ranar kasuwa kaɗai hanyar take da rai." Na ce, da can yaushe kuke wasa? Ya ce ranar kasuwar duk garin da za a je. Ƴan wasa su hau saman buhuna kyauta, domin direbobi ma ƴan kallo ne. Bayan La'asar ciniki ya lafa, ana lodin motoci, mai jiran mota ba shi da abin yi, ga kuɗin akuyarsa a aljihu, sai ya biya ya shiga kallo.

Mato, shekara tara kana yin haka, amma ba ka taɓa ɗaukarsa wani tsari ba, shi ya sa da takardar ta iso gare ka ba ka musa ba. Laifina ya fi naka. Malamaina sun hore ni da cewa kada in ba da fatawa a gari sai na tambayi al'adar mutanensa, ga shi na shafa fatiha a kan takardar da ban nemi a karanta mini ba. Ina neman gafarar Allah.

Na nemi komiti ya sake zama, na tafi da Idris a matsayin shaida. Ɗan Azumi ya ce, "Malam, ko'ina a duniya ƙwararru ranar Lahadi suke wasa." Na ce, "Na yarda, ɗana. A can ranar ce mutum yake da hutu da abin kashewa. A nan wace rana ce makiyayi yake barin bakin rijiya ya shigo gari da kuɗi a hannu?" Wani daga baya ya ce, "Ranar da ya sayar da rago!" Aka yi dariya, Ɗan Azumi ma ya yi. Ya karɓi alƙalami, Idris yana faɗa masa ranakun kasuwanni da hanyar da kowace mota take bi, yana rubutawa. Allah ya saka masa, ba kowa ke yaga takardarsa a gaban jama'a ba.

Sai dai na sa sun cire kalmar albashi. Abin da aka samu a ƙofa za a raba bayan kowane wasa, kowa ya san rabonsa tun kafin ya shiga fili. Haɗewar tana da amfani, domin kasuwa sha huɗu ta fi shida, amma ban ga alamar za ta riƙe magidanci ita kaɗai ba, kuma ba zan bari a sake ruɗin samari ba.

Game da Husaini, ba zan hana shi ba. Neman halali ya fita, ba yawon banza ba, kuma ciyar da iyali a wuyansa yake, ba a wuyana ba. In na ɗaure shi da kunyata, duk ranar da tukunya ba ta hau wuta ba ɗiyata zai kalla. Ka karanta masa wannan takarda duka, har da zancen Attahir in ya tambaya, sa'an nan ka bar shi da Ubangijinsa.

Wanka,
Haris

Rijiyar Dado, 1 ga Rajab

Yaya Malam,

Salamu alaikum, da gaisuwa mai tarin yawa. Ina rubutu Idris yana danna mini oda, sai ka yi haƙuri da hannuna.

Yau Laraba muka karɓi baƙi daga ƙasar Tanut. Sun iso bisa buhunan wake, sun yi fari fat kamar an tono su. Yaya, fili ya cika har zanar da muka kewaye shi da ita ta kwanta! Wasu makiyaya daga wajen Tenhiya suka ƙi biya, suka jera raƙumansu a bayan zana suna kallo daga sama. Na je na ce su biya, babbansu ya ce, "Mu ba mu shiga ba, dillali." Na ce to raƙumin ya biya, wuyansa yana ciki. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya miƙo na mutum biyu.

An tashi ba wanda ya ci wani, kuma Husaini ne ya hana. Mata masu fura ma sun san sunansa yau. Yaron attajiri ya zo ya kafa tebur, ya sayar da shayinsa kaf, ya ce maigidansa ya fito daga wanka.

Amma gaskiyarka. Da aka raba, abin da kowa ya samu bai wuce cefanen kwana biyar ba. Husaini ya karɓi nasa ya daɗe yana kallo, ya sa a aljihu. Na karanta masa takardarka tun wancan mako, sai ya tambaye ni nawa ake sayar da akuya a Tanut. Motar arewa jibi take tashi. Jakar tana nan a bayan ƙofa.

Ka yi mana addu'a.

Ƙanenka,
Mato

Rijiyar Dado, 8 ga Rajab

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ku da Umma.

Baffa ya ce ni zan rubuta wannan. Motar arewa ta tashi ranar Juma'a. Maigidana ya je tasha, ya karɓo kuɗin wurinsa, ya sayi awaki uku. Ya ce tunda ƙwallo kasuwa take bi, shi ma zai bi ta da abin sayarwa, ya gwada zuwa damina ya gani.

A gaya wa Umma ta share mini ɗaki, haihuwa ta matso. Zan zo gida ranar kasuwar Tanut, shi zai kawo ni, suna da wasa a can. Ya ce in Baba zai zo, bayan La'asar ne.

Jakar na zazzage ta na zuba kayana a ciki. Ya gani, bai ce in mayar ba.

Ɗiyarku,
Zuhaira

Allah ya sa albarka a neman kowane mai nema, ya mayar da matafiya gidajensu lafiya, ya jiƙan waɗanda ba su dawo ba. Kai kuma mai karatu, Allah ya kusanto maka da arzikinka, ya sa ka ci shi a tsakiyar iyalinka. Amin.