Lahadi Ce Ranar Kasuwa

Yaya Audu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ina iyali? Yaya jikin Gwaggo? Muna lafiya a Jibiya, sai dai raina a ɓace yake.

Ka tuna yadda gindin tsamiyar garinmu ke cika in Baba zai yi wa'azi? Nan kuwa Lahadi ce ranar kasuwa. Jiya ina tsakiyar wa'azi aka ce motar Maraɗi ta iso, majami'a ta watse, saura Inna Tani makauniya. Na shiga yabon bangaskiyarta, sai ta ce, "Fasto, gama ka ja mini gora, kada daddawata ta yi kwantai."

Na ɗauki ƙwaryar, na kai ta.

Ku sa ni a addu'a, na gaji. Gai da kowa.

Ƙanenka, Bawa