Ƙofar Tsohuwar Masaƙa

Aminina Gajere,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da jikoki.

Ka tambayi labarin masaƙarmu. Ginin yana nan, amma injinan an sayar da su a kilo. Yanzu ɗakin ajiyar kaya ne, ni ke gadin ƙofa. Inda muke saƙa yadi, kwalaye ne har rufi, babu ko ɗaya da aka yi a nan.

Samari masu babura ke kai kayan gidajen mutane. Waya ke ba su aiki, ita ke korarsu. Kamfani ya ce su ba ma'aikatansa ba ne, abokan hulɗa ne, hukuma kuma ta yarda. Wani da suke kira Mai-hula ya ce min shi ubangidan kansa ne. Mu dai a zamaninmu mun san fuskar mai cin guminmu.

Naka,
Dogo

Aminina Gajere,

Sallama da fatan alheri. Allah ya sa kowa lafiya.

Mota ta karya Mai-hula a bakin aiki. Yana gadon asibiti wayar ta kore shi daga aiki, wai ya makara da kaya. Washegari 'yan uwansa masu kai kaya suka jera babura a ƙofa, suka kashe wayoyi.

Wata guda iyalinsa suna zarya zuwa ofishin ƙwadago, ba wanda ya leƙo. Amma kwalaye na yin wuni ɗaya a ajiye, sai ga 'yan sanda mota biyu. Ka tuna abin da kake faɗa, cewa hukuma ma gadi take yi, dukiya ce uwargijiyarta? Da idona na gani.

Manaja ya ce in sa wa ƙofa kwaɗo. Da 'yan sanda suka fara duka, sai na buɗe ƙaramar ƙofa yaran suka shige. Da yamma aka karɓe min makullai. Da na koma gida, matata ta zubo min abinci.

Jiya yaran suka cika min tsakar gida, suna so in koya musu ƙungiya. Na ce mu inji ɗaya ya tara mu, su kuwa kowa da hanyarsa, ban san ta inda ake farawa ba. Suka ce taruwa sun iya, ta wayar ma. Yadda ake daɗewa a tare ne ba su sani ba.

Ranar Asabar za su dawo. Ka san ni ba baki gare ni ba. Ka zo.

Naka har kullum,
Dogo