Ɗamarar Ɗakin Maganin Auyo

Litinin, 7 ga Fabrairu, 1938
An ba ni ginin ɗakin magani a Auyo. Baturen gini ya zo da littafinsa, Inuwa tafinta yana fassara mini. Wai sai an kewaye ɗakin da azara a cikin bango, layi biyu, ɗaya kan tushe, ɗaya bisa tagogi, a haɗa bakinsu a kowace kusurwa. Ɗamara, in ji Inuwa. Rufi kuma kada ya yi nauyi. Na tambayi dalili, aka ce saboda girgizar ƙasa. Shekara talatin ina gini a Hadejia, ban taɓa jin ƙasa ta motsa ba.

Alhamis, 10 ga Fabrairu
Usman, wanda muka koyi gini tare a hannun mahaifina, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ashe yanzu ɗaki ma ɗan dambe ne.

Asabar, 5 ga Maris
Tubali ya bushe, bango ya kai ƙirji. Muna hutawa gindin tsamiya Inuwa ya ba ni labarin Baturen. Kafin ya zo nan a ƙasar Hindu ya yi aiki, a wani gari da ƙasa ta girgiza ta rusa shi. Da hannunsa ya tono matarsa. Ya ce abin da ya gani shi ne bangaye suna rabuwa daga kusurwa, kowane ya kama gabansa, sannan rufi ya sauko kan mutane. Nauyin da ke danna ɗaki daga sama kowa ya san shi, amma na gefe, mai turo bango, shi ake mantawa.
Na tausaya masa. Amma can daban, nan daban.

Laraba, 16 ga Maris
Azara ta ƙare saura bangon gabas. Kafin a kawo wata daga Guri kwana goma ne, ga magina zaune. Na sa an ɗora tubali haka nan, aka yaɓe. Ba wanda zai gani. Mahaifina bai taɓa yi wa ɗaki ɗamara ba, ga zaurensa nan tsaye har yau.

Juma'a, 22 ga Afrilu
An gama. Baturen ya zagaya, ya bubbuga bango da sandarsa, ya ce aiki ya yi kyau. Ya ba ni hannu. Ban ji daɗin musabahar ba.

Talata, 6 ga Satumba
Kogi ya cika ya shiga Auyo. Sai da kwalekwale na isa. Ruwa bai shiga ɗakin maganin ba domin yana kan tudu, amma ya kwanta kewaye da shi kwana huɗu, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi kamar tuwo. Mutum sun kai arba'in a ciki, mata da tsofaffi da buhunan shinkafarsu. Cikinsu har da 'Yar'azumi, ƙanwata da ke aure a garin, da jaririyarta.
Bangon gabas ya tsage daga kusurwa. Hannuna yana shiga. Daidai nan ta shimfiɗa tabarmarta.

Alhamis, 8 ga Satumba
Shekaranjiya ban iya ƙarasa rubutu ba. Na ce duk su koma ɓangaren yamma na ɗakin. 'Yar'azumi ta dube ni ta ce, “Yaya, ba kai ka gina ba?” Na ce ni ne, shi ya sa.
Muka tokare bangon da itace. Jiya da hantsi ya kwanta waje, a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa. Sauran ukun ƙasa ta zame ƙarƙashinsu su ma, sun ɗan karkata, amma suna riƙe da juna, rufi bai sauko ba. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Alhamdulillahi.

Lahadi, 18 ga Satumba
Baturen ya zo. Ya tsuguna yana duba ɓaraguzan, ba azara ko ɗaya. Inuwa ya raɗa mini cewa zai iya ce masa ruwa ne ya tafi da ita. Na ce a'a, ya faɗa masa yadda aka yi, da ranar, da dalilin.
Baturen ya miƙe tsaye. Sannan ya tambaya mutum nawa ne a ciki. Na faɗa. Ya ce, “Duk sun fito?” Na ce duk. Sai ya cire hularsa ya share fuska. Ya ce ni zan sake bangon da rani, kuma zai tsaya a kaina har a gama. Ya yi mini adalci.

Asabar, 10 ga Disamba
Ina gina wa 'Yar'azumi sabon ɗaki, nata ruwa ya ci. Na ce wa mijinta ginin zai jira mako guda, wai tubali bai gama bushewa ba. Ya bushe sarai. Azara nake jira daga Guri.
Da la'asar na biya wajen Inuwa gaisuwa kawai. Hira ta kai mu kan littafin nan na Baturen, na ce in ya sami sarari ya karanta mini inda ake maganar tagogi. Ba don komai ba. Ina so in ji inda suka yi kuskure.
Na tafi da takarda da alƙalami.