Ranar da Kika Kira Sunana a Madawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a gidanki na gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke muna nan lafiya. Gida ya cika da jikoki da tattaɓa-kunnen da ba ki gani ba.

Jikata Rabi ce ta sa na ɗauki alƙalami. An zaɓe ta daga lakwal ɗinsu, wato makarantar boko, aka kai ta Yamai, suka kwana can ana koya musu mulki da wasa, wannan minista, wancan ɗan majalisa. Ta dawo tana taku ɗai-ɗai, gaisuwa ma sai da ka. Na yi dariya har da hawaye, ta ɗauka ita nake yi wa. Ba ta san kakanta ya riga ta hawa wannan gadon ba, kuma ke kika sauko da shi.

Ni ne ɗanki na fari, don haka na tashi ban san yadda sunana yake a bakinki ba. "Wancan" kike ce mini. In za ki ba ni fura, sai ki ajiye ƙwarya ki dubi bango ki ce a gaya wa wancan ya sha, ko da babu kowa a gidan sai ni da akuya. Ina ƙarami na sha jin haushi. Sai da na yi hankali na gane kunyar ɗan fari ce, haka kakanni suka bar muku.

Kin fi ni tuna ranar da aka zo ƙauyenmu na gefen Bangi neman mutanen aikin dole. An tara maza a dandali, mai rawani ya ɗaga hannu yana nunawa da yatsa. Baba yana cikin waɗanda yatsan ya faɗa wa. Ya tafi fasa dutsen hanya, ya dawo da tari a ƙirji, bai ga kakar shekarar ba. Daga baya irin yatsan nan ya nuna ni, aka ce lakwal. Ranar tafiyata, ƙuli-ƙuli kawai na tarar kin ƙulle mini a bakin rigata.

Ina cikin manyan ɗalibai a Madawa, a shekarun da Turawa ke can suna yaƙinsu, sai malaminmu, wanda muke ce wa mushe, ya ɓullo da wata dabara. Baƙo ne daga ƙasashen bakin teku, Hausarsa duk a karye, amma mutumin kirki. Da hutun damina ya hana mu tafiya gida, ya sa aka kawo wasu ɗalibai daga Buza da Keita, ya ce wata rana ƙasar nan hannunmu za ta dawo, gara mu fara koyon riƙe ta. A aji muke kwana bisa tabarmi, tuwon dawa safe da yamma, sauro kuwa ya yi kaka da mu.

Aka ce a zaɓi sarki, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. 'Yan Buza suka rantse ba za su bi ɗan Keita ba, 'yan Keita suka ce su ma haka. Da gardama ta gaji sai suka taru bayana, ba don na fi kowa ba, don dai ba ni da dangi a rigimar. Matar mushe ta ba da farin ƙyallen da take rufe tebur aka naɗa mini. Inna, kin san girman kaina, ƙyallen da ƙyar ya zagaya.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Na sami waziri da alƙali, na raba shara, na sasanta faɗan tabarma, na koyi yin shiru har mai ƙara ya gama. Mushe ya sa hular kwano ya zama kumandan, Baturen mulki. Yara suna faɗuwa gabana suna ranka ya daɗe, ni kuwa ina gyara zama a kan akwatin alli.

Ashe wani mai jakai ɗan ƙauyenmu ya leƙo ta darni ya gan ni. Bai tambayi kowa ba, ya kai labari kasuwar Bangi cewa Nasara sun naɗa ɗan marigayi sarauta. Ƙanwata Hadiza ta ba ni labari daga baya: mata suka cika gida da guɗa da barka, ke kuwa kika zauna bakin murhu, ko tuwo ba ki ci ba. Da gari ya waye kika bar gona a tsakiyar noma, kika bi ayarin 'yan kasuwa da ƙafa.

Ranar ƙarshe mushe ya zo da hularsa ya ɗaure fuska, ya ce kumandan yana son mutanen aikin hanya, sarki ya fitar da su yanzu. Aka jera mini yara a fili. Dariya ta ɗauke, don babu wanda bai san wannan jerin daga gidansu ba. Na ɗaga hannu. Har yau ban san inda yatsan nan zai sauka ba.

Sai na ji an ce, "Assumana."

Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin ta ɗauke da wannan sunan ba. Na juya, ga ki a bakin darni, taɓo har ƙwauri, ƙwaryar fura a ka. Ke da ko hanyar bariki ba kya bi, kika ratso fili gaban mushe mai hular Nasara da yaran mutane, kika dube ni ido cikin ido. Kika ce, "Sauke hannunka. Wanda yan nuna ubanka ma haka yat tada nashi."

Na sauke. Kika miƙa hannu kika warware ƙyallen teburin nan daga kaina, kika ninke shi tsaf kika ajiye a kan akwati.

Mushe ya tuɓe hula ya matso yana ta bayani da guntuwar Hausarsa, wasa ne, Inna, wasa ne kawai. Kika saurare shi har ya gama, kika ce, "Kyanwa ma da wasa taka koya ma ɗiyanta kamun kusu." Bai sake sa hular ba. Ya gaya mana daga baya so yake ya ga ko za a sami sarkin da zai ce a'a, ga shi an samu, sai dai ba cikin ɗalibansa ba.

Abin da ke ba ni dariya har gobe, da kika tabbata ba sarautar gaske ba ce, sai kunyarki ta dawo nan take. Kika ja mayafi, kika dama fura, kika ba 'yan Buza da 'yan Keita suka sha. Da aka zo kaina kika dubi itacen bedi kika ce a gaya wa wancan ya sha.

Na girma na zama mushe ni ma, na koyar a Azarori da Garhanga har ƙarfi ya ƙare. Ban taɓa nuna yaro da yatsa ba, Inna, ko mai laifi ne. Da sunansa nake kiransa. Abokan aiki sun sha yi mini tsiya a kai, ban taɓa gaya musu dalili ba.

Ba ki sake faɗin sunana ba. Ko ranar da kike jinyar ƙarshe, ina riƙe da hannunki, Hadiza kika tambaya ko wancan ya ci abinci. Na so ki sake, ko sau ɗaya, ban iya roƙo ba. Na yi kewarki, Innata. Yanzu da furfura ta cinye kan nan, kowa Baba yake ce mini, ko Mushe, masu kiran sunan duk sun tafi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a inuwar da ba a nuna kowa da yatsa. Allah Ya shiryi Rabi da 'yan'uwanta, in mulkin gaske ya zo hannunsu Ya ba su mai ce musu su sauke hannu. In tawa ta zo Ya sa in cika da imani. Kuma in na iso cikin taron nan mai yawa ina waige-waige, don Allah kada ki aiko a gaya wa wancan. Ki kira ni da kanki, yanzu na san muryar.

Ɗanki na fari,
Assumana