Azumin Tabita

Tabita 'yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na san wasiƙar nan ba za ta same ki ba, amma kin san ni, ba na barin magana a ciki.

Gida shiru. Babanki yana gonar citta a Fadan Kaje, sai Asabar yake dawowa Kafanchan. Ni kaɗai nake cin abinci. Har yanzu hannuna bai koyi auna accar mutum ɗaya ba.

Kin yi mini ƙarya, Tabita, kuma ƙarya zunubi ce ko mai ita ta mutu. Kin ce azumi kike yi saboda jarrabawa. Da aka gama jarrabawa kika ce na matasan coci ne. Wace uwa ce za ta hana 'yarta azumi? Na bar ki. Har na tashi a gaban matan zumunta a coci na ba da shaida cewa 'ya'yan wasu suna bin samari, tawa tana neman fuskar Allah. Suka tafa.

Sai a asibiti likita ya ce yunwa ce ta gajiyar da zuciyarki, wai ciwo ne da aka sani. Bayan mun binne ki na buɗe wayarki. Hotunan 'yan mata masu ƙugu kamar tsintsiya, ga naki a gaban madubina, kin ɗaga riga haƙarƙari a waje. Mutanen da ba su san gidanku ba suna rubuta miki wai saura kaɗan, ki ƙara ragewa. Maganarsu kika ji, ba tawa ba? Sau nawa na ce miki kyan jiki ba ya kai mutum mulkin sama? Ban taɓa ce miki kina da kyau ba, don kada kanki ya kumbura. Kina da kyau.

Yanzu ke ce matar fasto take kafa misali da ke. 'Yan mata biyu cikin mawaƙan coci sun fara irin azuminki. Ɗaya Rahila ce, ƙawarki, ƙasusuwan wuyanta har sun fito. An ce ran Lahadi in yi magana a kan ibadarki. Babanki ya ce in rufa miki asiri, a bar ki da sunanki mai kyau.

Ba zan rufa ba. Zan faɗa musu ba azumi ba ne, kuma a gabana aka yi, ina yabo. Ki yi fushi in kin ga dama. Ita Rahila tana da rai.

Ki huta, 'yata.

Mamanki, wadda har yanzu take miki faɗa