Ruwan Wanka da Ruwan Sha

Talata, 11 ga Yuni 1985

Kogin Isa, wanda ya ratsa Yamai, ya tsaya. Da hantsi na leƙa daga kan gadar Kenedi, na saki karan gero cikin ɗan ruwan da ya saura, na tsaya ina kallo har rana ta gasa mini ƙeya. Inda ya faɗa nan ya zauna. Ƙarƙashin gada yashi ne da kududdufai masu gansakuka. Mutane na tsallakawa ƙetare da ƙafa, wasu riƙe da takalmi a hannu don sabo kawai.

A buro, ofishin jaridarmu, na rubuta labarin a taƙaice. Harouna, editanmu, ya kai wa kyaftin ɗin da ke duba shafuka kafin a buga, takardar ta dawo da jan biro a kanta. Abin da za a buga: ruwa ya ja baya, hukuma ta ɗauki matakai. Harouna ya ce, “Mijinyawa, koma kan kogunanka na waje, su ba su da kyaftin.” Shafina na mako-mako yake nufi, Kogunan Duniya, wanda nake yi don malaman lakwal, wato makaranta. Wannan makon Amazon.

Matata Halimatou ta haihu ran Alhamis, mace. Tana gidansu a Gamkalley wurin mahaifiyarta, Inna Kadi, tana wankan jego. Kwana arba'in, safe da yamma, babbar tukunya cike da ruwan zafi. A wannan shekara.

Laraba, 12 ga Yuni

Pampon Gamkalley ya ɗauke tun makon jiya. Unguwar duka na ɗiba a ramukan da ake tonawa cikin yashin kogi, inda jakuna ma ke sha. Buronmu layi ɗaya yake da gidajen manya, don haka ruwa na zuwa da safe. Na sayi bido biyu, jarkokin roba, na cika, na ɗaure a mobilet, ɗan babur ɗina. Mai azumi da ruwa na kaɗawa a bayansa.

Na sauke a zaure. Sumana, wan Halimatou, ya karɓa. Na ce masa wannan na sha ne, na mai jego. Ya ce to. Ban wuce zaure ba: gidan surukai ne, kuma haihuwar fari ce. Na gaida Inna Kadi ta bayan katanga, ta amsa da Hausarta ta kasuwa, ta ce kowa lafiya lau.

Alhamis, 13 ga Yuni

Suna. Ragon ƙashi da fata. An raɗa wa yarinyar sunan mahaifiyata. Bakina ba zai faɗa ba, alƙalamin ma ya ƙi.

Asabar, 15 ga Yuni

Na gama Amazon. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na duk ruwan da kogunan duniya ke zuba wa teku daga bakinsa yake fitowa. Matuƙan jirgi kan ɗebi ruwa mai daɗi a cikin teku tun ba su hango gaɓa ba. Na rubuta wannan da busasshen harshe, na duba waƙafi, na miƙa. Kyaftin bai taɓa ko kalma ba.

Abin da ba zan iya bugawa ba, bari in ajiye shi nan. Isa ya faro ne a tsaunukan Gine, kusa da teku ƙwarai. Maimakon ya gangara ya huta, sai ya juya wa teku baya ya nufi hamada. A Mali yana bazuwa cikin fadama mai faɗin ƙasa guda, rana ta sha kusan rabinsa, abin da ya tsira ya lallaɓo wurinmu bayan watanni. Ruwan da muke gani a Yamai lokacin sanyi, damanar Gine ce da ta riga ta wuce. Damanar bara ba ta yi ba. Ke nan abin da ya tsaya yau tun bara ya tsaya, mu ne ba mu ji labari ba. Ko yau aka fara tafka ruwa a Gine, ba zai iso ƙarƙashin gadar nan ba sai yarinyar ta fara zama.

Wani lokaci ina ƙyashin wanda bai taɓa ganin taswira ba.

Litinin, 17 ga Yuni

Sumana ya ce cikin Halimatou ya ɗan ɓaci. “Kunun kanwa ne, haka yake yi wa masu jego.” Na ce ruwan fa, yana isa? Ya ce yana isa, ya kau da kai. Gonar lambunsa ta ƙone tun watan jiya, na ɗauka abin da ke damunsa ke nan.

Kongo ne na mako mai zuwa. Shi ya dace: ruwansa na fitowa daga arewa da kudancin tsakiyar duniya, in damana ta ƙare a wannan gefe ta fara a wancan. Ba ya sanin rani.

Alhamis, 20 ga Yuni

Salla. A filin idi liman ya daɗe yana roƙon ruwa, muryarsa na karyewa. Sojoji a bakin sahu.

Halimatou ta fito zaure dafe da bango. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya tsage. Na ce ba ki da lafiya. Ta ce, “Wa ya gaya maka? Majiya nawa?” Tsokanarta ke nan tun ranar da ta ce mini tana da ciki na ce mu jira likita ya tabbatar. Ta ce ni ko gida ya kama wuta sai na nemi majiya ta biyu. Ta yi dariya, dariyar ta gajiyar da ita, ta zauna a ƙasa. Ta ce nono ya ragu.

Ban tambayi yarinyar ba. Ina jin kukanta daga ciki.

Juma'a, 21 ga Yuni

Yau na zo da wuri fiye da kullum. Labulen zaure a ɗage. Da idona na ga Sumana ya ɗauki bidona ya juye cikin tukunyar wanka da ke kan wuta. Duka biyun.

Na jira ya fito. Ya ce ya faɗa wa Inna tun ranar farko. Ta ce ruwa mai kyau na wanka ne, jikin mai jego a buɗe yake, ba a zuba masa ruwan rami. Na sha kuwa, Isa suka sha suka girma, ita da uwarta da kakarta. “To me Halimatou ke sha?” Ya nuna randa da haɓa. Na ɗebo da moɗa. Kore-kore, da wari kamar na ruɓaɓɓen ganye.

Tun ranar da na fara kawowa ake tafasa ruwa mai tsabta ana watsa mata a baya, ana ba ta ɗanyen ruwan kududdufi ta sha. Na ce me ya hana ka gaya mini. Ya ce, “Kai me ya hana ka shiga?”

Ban shiga ba. Na hau mobilet na tafi buro na rubuta Kongo.

Asabar, 22 ga Yuni

Na shiga. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga ƙafata a tsakar gida. Inna Kadi ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya mini baya. Matan gidan suka watse. Na durƙusa a bayanta na yi magana ina kallon ƙasa.

Ba zan iya tuna duka ba. Na ce Isan da ta sani mai tafiya ne, yana wanke kansa. Wannan na ramuka ya mutu, kuma abin da ke cikinsa shi ke cin cikin ɗiyarta. Ta ce ƙanwarta ta haihu a wata shekarar yunwa, ba a samu yi mata wanka sosai ba, ta kumbura ta mutu ta bar jinjiri. “Ni na wanke gawarta. Kai me ka wanke, ɗan boko?” Na ce ban ce a bar wanka ba, Inna. A tace ruwan rami da zane, a bari ya kwanta, a tafasa shi a yi wankan da shi, tunda dama wuta zai hau. Na bido a sha. Ta ce ashe yanzu surukai ke koya wa mata jego.

Sai Halimatou ta fito za ta ban ɗaki, ta faɗi tsakaninmu. Mu biyu muka ɗaga ta. Ba nauyi.

Litinin, 24 ga Yuni

Dispanser, ƙaramin asibiti, cike, har gindin bishiya. Yawanci mutanen arewa ne da dabbobinsu suka ƙare suka gangaro birni. Ledar ƙarin ruwa ta ƙare, ana jira. Malamar asibiti ta ja fatar hannun Halimatou, fatar ta tsaya a tsaye. Ta ce tafasasshen ruwa da sukari da ɗan gishiri, kurɓi-kurɓi, ko ta amayar a sake ba ta. In nono ya ƙafe gaba ɗaya, yarinyar ce za ta riga tafiya. Haka ta faɗa, ba ta ɗaga kai daga mara lafiyar da ke bin bayanmu ba.

Mun dawo da ita gida. Gadon asibiti babu.

Laraba, 26 ga Yuni

Yarinyar ta daina kuka. Ban san ko alheri ne ba.

Alhamis, 27 ga Yuni

Harouna na son Nilu. Na zauna gaban keken rubutu. Nilu uwa biyu gare shi: fari daga manyan tabkunan kudu, mai tafiya a hankali duk shekara, da shuɗi daga tsaunukan Habasha, mai zuwa da laka lokaci guda. Na kai nan na tsaya, don mu ma haka muke, na sani, amma ban taɓa ba shi muhimmanci ba. Ban da ruwan Gine mai nisa, akwai jan ruwa, wanda Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa daga ɓangaren Burkina in damana ta sauka can. Ƙananan koguna ne, rabin shekara a bushe, a manyan taswirori ma ba a sa sunansu. Amma suna faɗa wa Isa ne sama da Yamai kaɗan. Kwanaki suke yi a hanya, ba watanni ba.

Duk karatuna, ga inda rai ya rataya: kogin da ban taɓa yi wa ko layi ɗaya ba.

An fita roƙon ruwa da hantsi. Na bi Sumana don in ɗauko labari. Kowa ya juya rigarsa ciki waje. Na juya tawa, don kar in fita daban.

Asabar, 29 ga Yuni

Tukunya biyu ake ɗorawa yanzu, ta wanka da ruwan rami, ta sha da na bido, itace ba ya isa. Na kwaso tsofaffin jaridu daga buro. Amazon ya ci wuta da kyau ƙarƙashin ruwan rami.

Inna Kadi ta daina rufe fuska, ko dai ta manta. Ita ke ba Halimatou ruwan sukari, ni nake riƙe kanta. Yarinyar kuma da ƙaramin cokali, ɗigo-ɗigo. Maɗigarta ta faɗa ciki. Ɗazu Inna za ta sauke tukunya, ba kowa kusa, sai ta miƙo mini yarinyar. “Riƙe, ɗana.” Na riƙe. Kamar an ba ni ƙunshin auduga. Ta buɗe ido ta dube ni ba tare da sha'awa ba.

An yi wanka da yamma. Ni na kai ruwan ƙofar makewayi.

Lahadi, 30 ga Yuni

Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi. Ruwan buro ma yau rabin bido.

Talata, 2 ga Yuli

Halimatou ta sha kunu da safe, ya zauna. Na rana ma ya zauna. Inna ta ce nono ya ɗan tsattsafo. Yarinyar, Hajara, ta kama, ta saki, ta sake kamawa. Malamar asibiti ta ce kada mu yi murna tukuna, sai an ga mako.

Pampon buro bai zo ba yau. Mai gadi ya ce wurin da ake tara ruwan birni ya kusa ƙasa. Abin da ya saura a bido zai kai gobe da yamma in an yi tsimi.

A tashar mota na gamu da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da ya fito ta hanyar Tera. Ya ce an kwana biyu ana ruwa a ɓangaren Burkina, ya ga Sirba da idonsa, ja wur, yana jan itatuwa. Ban ko tambayi sunansa ba. Na juya mobilet sai Gamkalley, na wuce zaure ban tsaya ba, na ce wa Halimatou ruwa na zuwa. Ta buɗe ido da ƙyar. “Majiya nawa?” Na ce biyu.

Na biya ta kan gada kafin magariba. Yashi ne har yanzu. Na buga waya ofishin ruwa. Sun ce su ma sun ji, amma ba wanda ya tabbatar musu tukuna.